WASA A MATSAYIN HANYAR KOYAR DA LISSAFI DA SANIN HALITTU: TARIHIN “LAMBUN YARA” NA FROEBEL

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya duba Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda Gwamnatin Tarayya ta fitar a shekarar 1977, ya buɗe sashen da ya yi magana a kan ilmin share fagen shiga firamare, zai tarar da abubuwa uku kusa da juna. An ce a koya wa yaro tushen ƙirga da haruffa da launuka da siffofi ta hanyar wasa. An ce a cusa masa son bincike ta hanyar lura da halittu da muhallin da yake ciki. An kuma ce harshen koyarwa ya kasance harshen uwa, ko kuma harshen al'ummar da yaron ke zaune cikinta. Manazarta harshe sun fi mayar da hankali a kan na ukun, suka bar biyun farko a hannun malaman tsangayar ilmi, sai ka ce babu abin da ya haɗa su. Wannan maƙala za ta bi tarihin makarantar da aka fara gwada wannan hanya a cikinta, wato “lambun yara” na Bajamushen nan Friedrich Froebel, domin a nuna cewa wasa da ƙirga da lura da halittu da magana abu ɗaya ne a tsarin farko, kuma duk inda aka raba su daga baya, kayan wasan kan tsira, hanyar kuwa ta mutu.

2.0 Daga Gandun Daji Zuwa Ɗakin Ma'adinai

An haifi Froebel ranar 21 ga Afrilu, 1782, a ƙauyen Oberweissbach da ke yankin dazuzzukan Thuringia a ƙasar Jamus. Mahaifinsa limamin coci ne, mahaifiyarsa kuwa ta rasu tun bai cika shekara guda ba. Yana ɗan shekara 15 aka kai shi koyon aiki wurin wani ma'aikacin gandun daji, inda ya yi shekara biyu yana hulɗa da itatuwa da tsirrai da awon ƙasa. A 1799 ya shiga Jami'ar Jena, amma rashin kuɗi ya hana shi kammalawa. Ya taɓa ayyuka daban-daban, har a 1805 ya sami aikin koyarwa a wata makaranta a Frankfurt wadda ke bin tafarkin Johann Heinrich Pestalozzi, shahararren malamin nan na ƙasar Switzalan. Daga 1808 zuwa 1810 ya zauna a makarantar Pestalozzi da ke Yverdon. Can ya ga yadda ake fara ƙirga da tsakuwa da wake kafin a kai yaro ga alƙaluma, ya kuma yarda da hakan, sai dai ya ga kamar darussan a warwatse suke, babu igiyar da ta ɗaure su.

Igiyar da yake nema a Berlin ya same ta. Bayan ya yi aikin soja a yaƙin da aka yi da Napoleon a 1813 da 1814, sai ya zama mataimaki a ɗakin adana ma'adinai na Jami'ar Berlin, ƙarƙashin Farfesa Christian Samuel Weiss, wanda ya yi suna wajen rarrabe duwatsun kiristal bisa ga fuskokinsu da kusurwoyinsu. Kusan shekara biyu ya yi yana jera waɗannan duwatsu. Abin da ya ɗauka daga wurin shi ne, halitta ba ta ƙira da ka: ƙwayar gishiri, alal misali, fuska shida take fitowa da ita ko'ina aka same ta, kuma dokar lissafin da ta tsara dutse ita ce ta tsara jerin ganye a jikin reshe. Saboda haka a wurinsa lissafi da sanin halittu darasi ɗaya ne da ake shiga ta ƙofa biyu. Wanda bai riƙe wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wasa da 'yan shekara huɗu ya cika musu hannu da guntayen katako masu kusurwa ba.

A 1816 ya buɗe makarantarsa, ya mayar da ita Keilhau a 1817, ya kuma wallafa babban littafinsa a kan tarbiyyar ɗan Adam a 1826. Duk wannan na yaran da suka isa shiga makaranta ne. Sai da ya riƙe gidan marayu a Burgdorf ta Switzalan, a tsakiyar shekarun 1830, sannan hankalinsa ya koma kacokan kan ƙananan yara, domin ya lura cewa yawancin gyaran da malami ke fama da shi a aji, ɓarnar tun kafin yaro ya zo makaranta aka yi ta.

3.0 Kyaututtukan Blankenburg

A 1837 Froebel ya koma garin Blankenburg, kusa da Keilhau, ya fara ƙera kayan wasa yana sayarwa, daga baya ya tara yaran garin yana wasa da su. Ranar 28 ga Yuni, 1840, aka yi bikin kafa makarantar da sunan Kindergarten, wato “lambun yara”. Kafin wannan lokaci akwai wuraren tara ƙananan yara a Turai. Robert Owen ya buɗe ɗaya a New Lanark ta Sikotilan a 1816 domin 'ya'yan ma'aikatan masaƙa, a Jamus kuma akwai gidajen da ake ajiye 'ya'yan talakawa har iyayensu su taso daga aiki. Yawancin irin waɗannan wurare ko dai tsaro kawai suke yi, ko kuma su jera yara a benci suna hadda. Da gangan Froebel ya guje wa kalmar “makaranta” a cikin sunan.

Kayan wasan da ya ƙera ya kira su “kyaututtuka”, kuma jere suke, kowace tana share wa ta gabanta hanya. Kyauta ta farko ƙwallaye shida ne masu laushi na zaren ulu, kowace da launinta daga launukan bakan gizo, an ɗaura mata zare. Uwa ce ke lilo da ƙwallon a gaban jariri tana faɗin abin da take yi: sama, ƙasa, kusa, nesa, ta tafi, ta dawo. Kyauta ta biyu katako ce kashi uku: ƙwallo, da dunƙule mai fuska shida daidai wa daida kamar ƙwayar sukarin kwali, da wani mai siffar gwangwani. Ƙwallo na gangarawa ba ta tsayawa, mai fuska shida na tsayawa ba ya gangarawa, mai siffar gwangwani kuwa yana yin duka biyu, gwargwadon yadda aka ajiye shi. Idan aka rataye mai fuska shida ta tsakiyar fuskarsa aka juya shi da sauri, sai ido ya ga siffar gwangwani. Froebel ya ɗora wa waɗannan siffofi falsafa mai nauyi game da kaɗaitaka da saɓani da sulhu, wadda babu alamar wani yaro ya taɓa damuwa da ita, amma abin da hannu ke ji da abin da ido ke gani gaskiya ne, kuma shi ne ya yi aiki.

Kyauta ta uku ita ce zuciyar tsarin, kuma ita ta fi cancanta a tsaya a kanta. Dunƙule ne mai fuska shida, inci biyu kowane gefe, wanda aka yanka gida takwas, kowane yanki inci ɗaya. A cikin ɗan akwati yake zuwa. Ba a zazzage shi. Kifa akwatin ake yi a kan tebur, a zare murfin ta ƙasa, a ɗaga akwatin a hankali, domin yaro ya fara ganin abu guda cikakke kafin ya ga gutsattsarinsa. Daga nan sai ya raba shi biyu ya sami huɗu-huɗu, ya sake rabawa ya sami bibbiyu sau huɗu, ya sake ya sami ɗai-ɗai sau takwas. Rabi da rubu'i da sumuni ke nan a hannun ɗan shekara uku ko huɗu, ba tare da an rubuta masa alƙalami ko ɗaya ba. Irin wannan rabo da haɗi Froebel ya kira shi “siffofin sani”. Da guntayen nan takwas kuma yaro zai gina kujera ko gado ko rijiya ko tsani, waɗannan su ne “siffofin rayuwa”. Zai kuma jera su a kwance, huɗu a tsakiya huɗu a kewaye, yana matsar da na kewayen kaɗan-kaɗan, kowane da abokinsa na ɗaya gefen, har zanen ya zagayo inda ya faro, kamar yadda furen tsiro ke buɗewa. Waɗannan su ne “siffofin ƙawa”. Doka biyu ce kawai: a yi amfani da guntayen duka takwas a kowane gini, kuma kada a rushe gini don a yi wani, sai dai a sauya shi ya zama wani. Yaron da ya mayar da kujera gado, ya mayar da gado tsani, bai ƙara ba bai rage ba, ya gane da hannunsa cewa takwas takwas ce ko yaya aka jera ta. Wannan shi ne abin da masanin nan Jean Piaget ya zo ya yi ta gwaje-gwaje a kansa kusan shekara ɗari bayan haka. In an gama wasa sai a mayar da dunƙulen yadda yake, a rufa masa akwatinsa.

Kyauta ta huɗu dunƙulen nan ne dai, an yanka shi takwas masu siffar bulo. Ta biyar inci uku ce kowane gefe, an raba ta 27, sa'an nan aka tsaga uku daga ciki gida biyu-biyu a karkace, wasu uku gida huɗu-huɗu, jimla guntaye 39, a nan sulusi da siffofi masu kusurwa uku ke shigowa. Ta shida ta ƙara sarƙaƙiya. Bayan waɗannan akwai ayyukan hannu, kamar naɗe takarda da saƙa da ita, da ginin yumɓu, da soke tsinke a jikin jiƙaƙƙen wake a tayar da ƙwarangwal ɗin siffofi.

Abin da masu sayen akwatunan daga baya suka riƙa mantawa shi ne, ba a yi kayan nan domin a ba yaro a bar shi shiru ba. Kowane motsi da maganarsa ko waƙarsa. Froebel ya riƙa lura da yadda matan ƙauyukan Thuringia ke wasa da 'ya'yansu, ya tsara littafin waƙoƙi da wasannin yatsu domin iyaye mata, wanda ya fito a 1844. Masu sharhi da yawa sun ce waƙoƙin nasa ba su da daɗi a matsayin waƙa, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma manufarsu a fili take: yaro ya ji sunan abin da hannunsa ke yi a daidai lokacin da yake yin sa, cikin harshen da yake ji a gida.

3.1 Lambun Kansa

Sunan makarantar ya wuce kwatanci, domin akwai lambu na gaske. Kowane yaro da ɗan fegin da aka yanka masa, yana shuka abin da ya ga dama yana ba shi ruwa, fegin yaran kuma a tsakiya suke, an kewaye su da kwamin furanni da kayan lambu da na hatsi waɗanda na kowa da kowa ne. A nan ake ƙirga iri, a auna tazarar rami da taki ko da tafin hannu, a jira tsiro, a ga wanda ya fito da wanda ya ƙi. Yaron da ya yi sakaci da feginsa ba ya bukatar malama ta yi masa faɗa, shukar ce za ta nuna. Ana kuma fita da yara bayan gari su ga tsuntsaye da ƙwari da rafi, su dawo su kwaikwayi abin da suka gani a wasan da'ira.

4.0 Hani da Yaɗuwa

A watan Agusta 1851 gwamnatin Purushiya, babba a cikin daulolin Jamusawa na wancan zamani, ta haramta lambun yara, bisa zargin cewa yana koya wa yara gurguzu da rashin addini. Ministan ilmi na lokacin, Karl von Raumer, ya cakuɗa Froebel da ɗan ɗan'uwansa Karl Froebel, wanda ke da alaƙa da wata makarantar ilmi mai zurfi ta mata a Hamburg. An yi masa bayanin kuskuren, bai janye ba, abin da ke nuna cewa ba sunan kaɗai ya dame shi ba. Bayan tarzomar 1848 hukuma ba ta natsu da duk wani tsari da masu neman sauyi suka runguma ba, balle wanda ke horar da mata su zama malamai. Froebel ya rasu ranar 21 ga Yuni, 1852, hanin na nan daram. Sai a 1860 aka ɗage shi, bisa ƙoƙarin almajirarsa Bertha von Marenholtz-Bülow da wasu.

Hanin ya taimaka wajen watsa irin. Bertha Ronge ta buɗe lambun yara a Landan a 1851. Ƙanwarta Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a 1856, a garin Watertown na jihar Wisconsin, kuma da Jamusanci ake yin komai a cikinsa, domin 'ya'yan Jamusawa 'yan ci-rani ne. Elizabeth Peabody ta buɗe na farko mai amfani da Ingilishi a Boston a 1860, wanda ke nufin sai da aka sake wa waƙoƙi da wasannin riga kafin tsarin ya shiga gidajen Amurkawa. A 1873 Susan Blow ta buɗe na farko a cikin makarantun gwamnati a birnin St. Louis. A 1876 aka buɗe ɗaya a Tokyo ta ƙasar Japan. Ingilishi ya ari kalmar Jamusancin ɗungurungum, Japananci kuwa ya fassara ta ya riƙe ma'anar lambu. Hausa ta ɗauko “nazare” daga wata kalmar Ingilishi dabam, wadda ita ma, abin sha'awa, ana kiran wurin renon dashen itatuwa da ita, ko da yake wannan ma'ana ba ta biyo kalmar zuwa Hausa ba.

A Amurka ne tsarin ya fi bunƙasa, can ne kuma ya fara sandarewa. Kamfanin Milton Bradley ya shiga ƙera kayan da yawa yana sayarwa, aka ƙara yawan kyaututtukan da ayyukan hannu har suka kai ashirin, aka yi tebura masu zanen layukan inci ɗaya-ɗaya. Sannu a hankali wasan ya koma shifta: malama na tsaye tana cewa a ɗauki guntun dama na gaba a ɗora a kan na hagu na baya, yara talatin suna yi a lokaci guda, lambun kuwa a biranen da babu fili ya koma tukunyar fure a bakin taga. Masana irin su G. Stanley Hall da John Dewey suka soki wannan, suka ce guntayen sun yi wa yatsun yaro ƙanƙanta, kuma ma'anonin ɓoye da ake jingina musu na manya ne. Rikicin ya raba ƙungiyar malaman lambun yara ta duniya. Kwamitin mutum 19 da ta naɗa a 1903 domin ya sasanta ya ƙare da fitar da rahoto uku a 1913: Susan Blow ta jagoranci masu cewa a bi Froebel sau da ƙafa, Patty Smith Hill ta jagoranci masu neman sauyi, wasu suka tsaya tsakiya. Ɓangaren Hill ne ya rinjaya, aka koma manyan katakai da yara ke gini da su a ƙasa har su shiga ciki. Ana iya cewa waɗanda suka yar da akwatunan sun fi kusa da mutumin da ya ƙera su a kan waɗanda suka rungume su. Kayan da Maria Montessori ta fito da su daga 1907 a birnin Rum, su ma sun sha irin wannan ƙaddara a wurare da dama, inda sunan da kayan suka isa, horon malamai bai isa ba.

5.0 Abin da Ya Iso Nijeriya

Manufar Ilmi ta 1977, da bugun da aka yi wa gyara a 1981, sun ɗauki ruhin wannan tarihi kusan gaba ɗaya, har gwamnati ta ɗora wa kanta alhakin tabbatar da cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, da alhakin daidaita ƙa'idojin rubutun ƙarin harsunan ƙasa da samar da littattafai a cikinsu. Amma kafa makarantun sai aka bar shi a hannun masu zaman kansu, su kuwa abin da iyaye ke biya su gani shi suke sayarwa, wato yaro ya dawo gida yana rera ƙirga da Ingilishi daga ɗaya zuwa ɗari, yana cika littafi da alƙaluma. Yaron da ke wannan rerawa sau da yawa in an zube masa dabino bakwai aka ce ya raba da ƙanensa, da Hausa zai yi rabon, da Hausa kuma zai yi gardamar na bakwan da ya yi saura. Sai a dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 aka shigar da kula da ƙananan yara cikin abin da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa.

Ba kayan aiki aka rasa ba. Carabke, wadda 'yan mata ke yi da tsakuwa, kwasa ce ɗai-ɗai, sa'an nan bibbiyu, sa'an nan uku-uku, wato tarawa da rarrabawa rukuni-rukuni. Dara jeri ce da lissafin gurabe. Yaron da ke ƙera mota da karan dawa yana auna tsawo yana daidaita ƙafafu, mai ginin shanun laka kuma ya san yawan ruwan da yumɓu ke sha kafin ya saki. Kacici-kacici cike yake da siffanta tsirrai da dabbobi. Ta fuskar kalmomi kuwa, Hausa na da rabi da sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni, waɗanda ta aro daga Larabci, wasunsu kuma malaman rabon gado suka raya su, ga kuma ninki irin na “bibbiyu” da “uku-uku” wanda ke ɗauke da ma'anar rabo a cikin ginin kalmar kanta. Abin da Froebel ya yi a Thuringia, na zama da iyaye mata a ga abin da suke yi a tsara shi daki-daki, aiki ne da ke bukatar manazarcin harshe kamar yadda yake bukatar malamin ilmi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da lissafi da kimiyya da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna cewa ƙirƙirar kalmomin fannu abu ne mai yiwuwa, sai dai a firamare aka yi shi. Ɗan nazare bukatarsa ta fi sauƙi, domin kalmomin da wasansa ke nema su ne sama da ƙasa, da yawa da kaɗan, saura, daidai, ya fi, bai kai ba, kuma da su yake zuwa daga gida.

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar harshe wadda ta tsawaita koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare. A watan Nuwamba 2025 ministan ilmi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke ta, ya ce Ingilishi ne harshen koyarwa tun daga matakin share fagen firamare har jami'a.